Yadda za ka tantance bayanan wasannin bidiyo da aka kwarmata kafin fitowarsu

Idan hotuna ko bidiyon wani wasa da bai fito ba suka fara yawo a intanet, abu na farko da ya kamata ka yi shi ne ka bi sawun labarin har zuwa inda ya samo asali, domin sau da yawa shafuka goma da ke yaɗa magana ɗaya duk daga bakin mutum ɗaya suka ɗauko ta. In ka kai ga tushen, ka duba abin da mai maganar ya taɓa faɗa a baya, da yadda ya kasance bayan da kamfanin ya yi sanarwa.

Daga nan sai ka lura da martanin kamfanin, wanda a ganina ya fi kowace hujja ƙarfi. A watan Satumban 2022, lokacin da wani mai kutse ya saki bidiyo kusan 90 na wasan Grand Theft Auto VI, kamfanin Take-Two, wanda ya mallaki kamfanin da ke haɗa wasan, wato Rockstar Games, ya shiga neman a cire su daga intanet bisa haƙƙin mallaka, sannan Rockstar Games ya fito ya tabbatar da cewa an yi masa kutse. Kamfani ba ya wahalar da lauyoyinsa a kan abin da ba nasa ba ne. Haka kuma hukumomin da ke ƙayyade shekarun masu wasa, irin su ESRB a Amurka da PEGI a Turai, kan bayyana sunan wasa kafin a sanar da shi, kuma irin wannan shaidar ta fi hoto mai dishi-dishi da kowa zai iya haɗawa a kwamfuta.

Ko da bayanin ya tabbata, kada ka yanke wa wasan hukunci da shi. A bidiyon na 2022 ana ganin rubutun masu haɗa manhaja a kan allo, da mutane masu motsi a sandare, da wuraren da ba a ƙarasa zanawa ba, amma mutane da dama suka yi ta kushe aikin kamar an gama shi. Ranar fitowa ma takan sauya, tunda an ɗage fitowar Grand Theft Auto VI daga 2025 zuwa 2026.

Kada ka sauke wani fayil da aka ce kwafin wasan ne, domin ta nan ake cusa manhajojin satar kalmar sirri. Ka kuma yi tunani kafin ka tura wa wani: kutsen da aka yi wa kamfanin haɗa wasanni na Insomniac Games a Disambar 2023 bai tsaya ga bayanan wasan Wolverine ba, har da takardun sirri na ma'aikata aka watsa. Idan kuwa labarin wasan kake gudun a ɓata maka, kamar yadda ya faru da The Last of Us Part II a 2020, ka toshe sunansa da sunayen jarumansa a shafukan sada zumunta har sai ka buga shi da kanka.