Yadda Ake Shirya Gajeren Labarin Kasada Kafin Zaman Wasa

Gajeren labarin kasada da ake bugawa don wasanni irin su Dungeons & Dragons yawanci na zama ɗaya ne, awa 3 zuwa 4, da 'yan wasa huɗu ko biyar. A irin wannan wasa kowane ɗan wasa yana taka rawar jarumi ɗaya a cikin labarin, kai kuma kana jagorantar wasan.

Fara da duba matakin ƙarfin jaruman da aka rubuta shi dominsu. In na masu mataki na 3 ne ka kawo masu mataki na 1, faɗan farko zai iya gamawa da su.

Sai ka karanta shi sau biyu. Na biyun da fensir a hannu, kana ja wa kowace alamar da ke nuna wa 'yan wasa hanya layi: wasiƙar cikin akwati, makullin da ke rataye a wuyan dodo. Nan ne wasa ya fi cijewa. In hanyar gaba ta dogara da jifa ɗaya ta ɗan ludo mai fuska 20, kuma aka samu ƙaramar lamba, sai kowa ya yi cirko-cirko. Saboda haka ka ɗora kowane muhimmin bayani a wurare uku daban-daban.

Kwafe ƙarfin dodanni a kati guda, kada ka yi ta laluben shafi ana tsakiyar faɗa.

Tun kafin a zauna, zaɓi ɗakin da za ka tsallake in lokaci ya ƙure, don a kai ga faɗan ƙarshe.