Yadda Muke Dasa Masakwa a Karal

In ka bi hanyar Marwa zuwa Mindif, a arewacin Kamaru, a watan Disamba, rabon da a ga ruwan sama tun Oktoba, amma dawa ce kore shar hagu da dama. Masakwa ke nan. Fulanin ƙauyenmu muskuwari suke ce mata, a Chadi kuma berbere. Daga wajen Barebarin Barno ta iso mana, kuma baƙar lakar nan da ake kira karal ce ke shayar da ita, don tana ɓoye ruwan damina a cikinta har rani.

Tun ana ruwa za ka ja ƙananan kunyoyi gida-gida a gonar, ruwa ya kwanta ya ratsa ƙasa sosai. Daga tsakiyar Agusta zuwa Satumba sai ka yafa iri a wani wuri daban, mai ɗan rairayi, inda ruwa ba ya kwanciya. Kada ka yafa duka rana ɗaya. Ni sau uku nake yi, kwana goma tsakani. Shekarar da na yi gaggawa, irin ya tsufa karal bai janye ruwa ba, sai da na je kasuwa na sayi na wani da tsada, Baba yana ta yi mini dariya.

Ruwa na ɗaukewa, a sare ciyawa, ta bushe, a sa mata wuta. Yanzu da yawa feshi suke yi, amma ni ban ga abin da ya kai wuta share gona ba.

Dashen shi ne aikin. Iri ya kai kwana 30 zuwa 40, sai ka tumɓuke shi da yamma, ka datse kan ganyen, ka tsoma saiwar cikin ruwa ta kwana. Da asuba mutum ɗaya yana gaba da sanda mai nauyi mai tsini, wadda Fulani ke kira goforiwal, yana huda rami mai zurfin taƙi guda, babban taku ɗaya tsakani. Na biye da shi yana zuba ruwa, kamar cikin moɗa a kowane rami, na ukun kuma yana saka iri biyu. Kar ka cike ramin da ƙasa, bar shi haka. Kwana uku za ka gan ta a kwance kamar ta mutu. Kar ka karaya, za ta tashi. Daga wannan moɗar ba ta ƙara shan ruwan hannun kowa.

Cikin ire-iren masakwa, safrari muka fi dasawa don tuwonta, majeri kuma fara ce tas. Girbi sai Fabrairu, wani lokaci har Maris, kuma karan ma kuɗi ne wajen masu shanu. Kafin nan dai ka tanadi yara da gwangwanaye, don da zangarniya ta fara madara, tsuntsaye kan riga ka zuwa gona.