Yadda za ka rubuta labarin mantuwa da ɓatan aboki a Damagaram

Labaran da ƙannenmu 'yan makaranta ke turo mini ta WhatsApp in duba, da yawansu tafiyarsu ɗaya: yaro ya farfaɗo a asibiti, bai san sunansa ba, bai gane mahaifiyarsa ba, amininsa kuma ya ɓata. Ina matuƙar son irin wannan labari, shi ya sa nake so a riƙa gina shi da kyau.

Fara da rage mantuwar. Wanda ya faɗo daga kan kabu-kabu ya bugu a ka, yawanci abin da ke kuɓuce masa shi ne ɗan lokacin da ya kewaye haɗarin, mintoci ko awoyi kafinsa da bayansa. Sunansa, harshensa, Fatiha da hanyar gidansu suna nan daram. Abin da masu jinya ke gani shi ne ciwon kai, jiri, amai, da maimaita tambaya: ya ce "me ya same ni?", a gaya masa, jim kaɗan ya sake tambaya. Sau da yawa waɗannan awoyi ba sa dawowa har abada, domin ƙwaƙwalwa ba ta samu damar ajiye su ba tun farko. Saboda haka kada ka warware labarinka da bugu na biyu da zai dawo da komai. Ɗauke wa jarumarka la'asar ɗin Alhamis zuwa asubahin Juma'a kawai, ya isa.

Kafin ka rubuta babin farko, samu takarda daban ka tsara wa kanka waɗannan awoyi ɗaya bayan ɗaya. Ƙarfe nawa ita da aminiyarta suka fito, me ya kai su Kasuwar Dole ranar da take cika, a wane lungu na Birni suka rabu, wa ya ɗauke ta zuwa asibiti. Mai karatu ba zai ga takardar ba, amma in babu ita za ka yi ta tufka da warwara.

Yanzu ga inda na fi so ka daɗe. A garin nan mutum ba ya ɓacewa ba tare da wani ya gan shi ba. Mai shayi ya gani, mai cajin waya ya gani, samarin fada da ke zaune bakin titi har tsakar dare sun gani, ɗan garuwa da ke sammakon neman ruwa ya gani, ɗan kamasho a tasha ya san wadda ta shiga mota. Tambayar da za ta riƙe mai karatu ita ce: wa ya gani, kuma me ya hana shi magana? Ba kowane mai shiru dalilinsa. Wannan yana gudun a kira shi komisariya ba da shaida, wancan ana bin sa bashi, wani tsoron 'yan daba yake, wata kuma rufin asirin gida take yi. Ka kawo jarumarka ƙofar gidan su aminiyar, kanta ɗaure da bandeji:

"Inna, ina wuni? Ta dawo kuwa?"

"Lafiya lau, 'yar nan. Ai tana Mirriya wajen gwaggonta. Je ki gida ki huta."

Sai yarinyar ta hango takalman makarantar ƙawarta a bakin ɗaki, da hijabinta a kan igiya. Ba za ta iya ƙaryata babba ba, dole ta ce "to, Inna" ta juya. Wannan kunyar tamu ta fi kowace bindiga ɗaure mai karatu, kuma ita ce ke sa bincike ya yi wa matashi wuya. Bi kuma matakan da iyali ke bi da gaske: a zaga dangi, a gaya wa mai unguwa, a yi cigiya a masallaci da rediyo, a je wajen malam, wani ya ce iska ce ta taɓa yarinyar.

Wanda ya manta yana karɓar abin da aka gaya masa, har ya ɗauka tunawa ya yi. Yi amfani da wannan. Mutum uku su ba ta labarin daren, kowa da nasa, ta fara "tuna" wanda ba shi ne gaskiya ba. Abin da zai ja ta ya dawo da ita hanya ya zama abin taɓawa da hannu: tikitin motar Tanut a aljihun jakarta, kiran da ba a ɗaga ba ƙarfe biyun dare, ƙujewa a tafin hannunta irin ta wanda ya hau duwatsun Birni.

Wadda ta ɓata ma mutum ce. Nuna mana dariyarta, rowarta, saƙon muryar da ta bari, don mu damu da ita. Kuma ka zaɓi dalilin tafiyarta daga rayuwarmu: auren da ba ta so, hanyar Kano, ko hanyar Agadas zuwa Aljeriya. In ka ɗauki ta ƙarshen, rubuta da girmamawa. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara, da dama daga yankin Kance, kuma danginsu na iya karanta ka.

Babi ya zama gajere, tunda a waya za a karanta, kowanne ya ƙare da sabon abu guda da jarumar ta gano. In ka kai rabi, ba wata ƙanwarka ta karanta, ka tambaye ta wa take zargi. In ta canka daidai nan take, koma takardar awoyinka ka ƙara wa wani mai shiru dalili mai ƙarfi. In kuma ta rasa wanda za ta zarga sam, alamunka sun yi kaɗan, sai ka ƙara biyu a babukan farko.