Yadda Ake Canza Giya a Mota Mai Kuloci

Duk wanda ya zauna kusa da ƙwararren direba zai lura cewa da wuya ya ji lokacin da aka canza giya, domin motar ba ta fizga, fasinja kuma ba ya yin gaba ya dawo baya. Yawancin masu koyo suna zaton gwanintar tana hannun da ke riƙe da sandar giya, alhali kuwa aikin na ƙafar hagu ne, kuma a kanta ya kamata a ɓata mafi yawan lokacin koyo.

Kuloci shi ne ke haɗa inji da giyabos, ya kuma raba su. Idan aka taka shi har ƙasa, inji yana juyawa shi kaɗai ba tare da ya tura tayoyi ba, a wannan lokacin ne kawai ake taɓa sandar giya. Idan aka fara ɗaga ƙafa kuwa, akwai wani wuri a tsakiya da farantin kuloci ke soma kamawa, wanda direbobi ke kira haf-kuloci. Domin gano shi, a samu fili shimfiɗaɗɗe inda babu jama'a, a tayar da mota a firi, wato ba ta cikin kowace giya, a taka kuloci, a sa giya ta ɗaya, sannan a riƙa ɗaga ƙafa sannu a hankali ba tare da an taɓa totur ba. Za a ji kukan inji ya ɗan yi ƙasa, sitiyari ya ɗauki wata ƴar rawa, motar ta fara rarrafe. A dakata da ƙafa a nan na daƙiƙa ɗaya ko biyu, a ƙara ɗan totur, kana a saki kuloci gaba ɗaya. Ni a ganina, wanda ya maimaita wannan sau ashirin a yini guda ya fi wanda ya yi mako yana zagaya gari amfana, domin kowace mota da inda kulocinta ke kamawa, kuma ƙafa ce ke haddace wurin, ba ido ba.

Hawa daga giya zuwa ta gaba abu ne mai sauƙi: a ɗaga ƙafa daga totur, a taka kuloci har ƙasa, a kai sanda inda ake so, a saki kuloci ana mayar da totur. Sandar tana da sifirin da ke mayar da ita tsakiya, daidai layin giya ta uku da ta huɗu, saboda haka idan za a fita daga ta biyu zuwa ta uku sai a tura ta gaba, a bar ta ta koma tsakiya da kanta, sannan a ƙarasa turawa. Masu damƙe ta da ƙarfi su ne ke tsallakewa zuwa ta biyar, motar ta hau kakkarwa. Ƙarar gurzar ƙarfe da akan ji wajen canza giya kuma alama ce ta cewa ba a kai kuloci ƙasa ba, ko an yi gaggawar cusa giya kafin zobban tagullar da ke daidaita gudun haƙoran giyabos su gama aikinsu.

Game da lokacin canzawa, a motar fetur ana hawa giya ta gaba idan allurar da ke nuna juyin inji ta kai wajen juyi 2,000 zuwa 2,500 a minti, a ta dizal kuwa ƙasa da haka kaɗan. Amma kunne ya fi allura saurin sanarwa: inji mai ihu yana neman giya ta sama, wanda ke gurnani yana girgiza mota kuma yana neman a sauko.

Saukowa ta fi hawa neman kulawa. A fara rage gudu da birki tukuna, sannan a taka kuloci a sauko, kuma a saki ƙafa a hankali fiye da yadda ake yi wajen hawa, saboda ƙaramar giya tana tilasta wa inji ya juya da sauri. A gama wannan kafin a shiga kwana ko shataletale. Ribas kuwa ba a sa ta sai mota ta tsaya cik, kuma gurbinta ya bambanta: a Golf 3 sai an danna sandar ƙasa an kai ta hagu a tura gaba, a yawancin motocin Toyota masu giya biyar kuma tana dama can ƙasa, a ƙarƙashin ta biyar.

Akwai ɗabi'a guda da ke cinye kuloci fiye da komai, wato ɗora ƙafa a kansa ana tafiya, ko riƙe mota da haf-kuloci a kan tudu cikin cunkoso. Na taɓa yin haka na ƴan mintuna a bayan wata tirela, sai wari mai kama da na ƙonannen roba ya cika motar, ba a yi wata biyu ba kuwa sai da bakanike ya sauke giyabos ya canza farantin. Abin da ya dace shi ne a ja birkin hannu, a mayar da giya firi. Idan hanya ta buɗe a sa ta ɗaya, a kai ƙafa inda kuloci ke kamawa har gaban motar ya ɗan ɗaga, sannan a sauke birkin hannun.

A doguwar gangara irin ta Hawan Kibo da ke kan hanyar Jos, kada a kuskura a sa mota a firi ko a danne kuloci da sunan tsimin mai. Birkin da aka daɗe ana takawa yana zafi har ya daina kamawa. Tun daga saman gangarar a sauko zuwa giya ta uku, ko ta biyu idan akwai kaya, a bar inji ya riƙe motar, birki kuma a riƙa taka shi ana saki.