In An Kira Ka Cikin Dare An Ce Aljanu Sun Kama Wani

A unguwannin Aboabo da Asawase na Kumasi, dattijon ikilisiya ba ya rasa irin wannan kira. Yawancinmu daga arewa muka gangaro Kumasi, wani Frafra, wani Kusasi, wani Busanga, Hausar zango ce ta haɗa mu. In yarinya ta faɗi a tsakar gida tana ihu, ko saurayi ya daina barci yana ta surutu shi kaɗai, mu ake bugo wa waya tun kafin a nemi fasto: "Baba, ka zo, abin ya tashi." Ga yadda nake tafiyar da irin wannan kira, da ayoyin da nake tsayawa a kansu.

Kafin ka sa takalmi, ka tuna ikon na wane ne. A Luka 10:17-20 almajirai sun dawo suna murna don aljanu sun yi musu biyayya cikin sunan Yesu. Ya tabbatar musu ya ba su iko a kan dukan ƙarfin maƙiyi, amma nan take ya ja musu kunne: kada murnarsu ta tsaya a nan, su yi murna don an rubuta sunayensu a sama. Duk wanda ya taɓa zuwa taro a Manhyia, fadar Sarkin Ashanti, ya ga mai magana da yawun sarki riƙe da sandarsa. Ba ya buƙatar ihu, maganarsa tana da nauyi ne saboda wanda ya aiko shi. Haka kake a ɗakin nan. Su kuwa 'ya'yan babban firist ɗin nan bakwai na Afisa (Ayyukan Manzanni 19:13-16), sun ari sunan Yesu ba tare da sun san shi ba, aljanin ya ce ya san Yesu, ya san Bulus, su fa su wane ne? Tsirara suka fita daga gidan, jina-jina. Shi ya sa Yakubu 4:7 ya fara da miƙa wuya ga Allah, sa'an nan tsayayya da Iblis. In akwai wanda kuke gaba da shi, ko zunubin da kake ɓoyewa, ka durƙusa a ɗakinka tukuna.

Kada ka tafi kai kaɗai. Biyu-biyu Yesu ya aiki almajiransa (Markus 6:7). In mace ce ba ta da lafiya, lalle a tafi da mace dattijuwa daga zumuntar mata, ita ce za ta riƙe ta, ita za ta gyara mata zane.

Da isarka, ka gaida mutanen gida yadda ya kamata, sa'an nan ka roƙi 'yan kallo su fita. Gidajenmu na haya ne, ɗaki goma tsakar gida ɗaya, kafin ka ankara yara sun ɗaga waya suna ɗauka, gobe a ga 'yar mutane a TikTok. Wannan tabon ya fi ciwon daɗewa. A bar iyaye ko miji, da ku da kuka zo.

Daga nan sai tambaya, kuma a nan nake so ka daɗe. Da aka kawo wa Yesu yaron da ke faɗuwa yana kumfa, sai da ya tambayi uban tun yaushe abin ya same shi (Markus 9:21). Kai ma ka tambaya. Tun yaushe? Jikin da zafi? Ta haihu kwanan nan? Yana shan tramadol ko wiwi? Akwai maganin asibiti da ya daina sha? An yi rasuwa, ko an kore shi daga aiki? Matiyu 4:24 ya jera masu aljanu daban, masu farfaɗiya daban, shanyayyu daban, wato Littafi Mai Tsarki kansa bai zuba kowace cuta a kwando ɗaya ba. Zazzaɓin cizon sauro in ya hau kan yaro yakan sa shi sanƙarewa da fizge-fizge, kuma yana kisa cikin sauri. Irin wannan, ka nemi mota zuwa asibitin Komfo Anokye ko ka buga lambar gaggawa 112, addu'ar a yi ta a hanya. Mai farfaɗiya kuwa, a kwantar da shi ta gefe, a kawar da kurfoti da wuƙa daga kusa, kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa. In fizgar ta wuce minti biyar, asibiti. Ni ban ga rashin bangaskiya a nan ba. Wanda ya rubuta mana labarin almajiran da suka fitar da aljanu, Luka, likita ne, Bulus ma da haka ya kira shi (Kolosiyawa 4:14).

In ka auna ka ga akwai abin da ya wuce ciwon jiki, ko ma babu amma mutumin tsoro ya cika shi, to a yi addu'a. Ka nemi yardarsa in yana cikin hankalinsa, in ba ya ciki ka nemi ta danginsa. Gidaje da yawa a zango rabi Kirista rabi Musulmi ne. In uban gida ya ce malam zai kira, kada ka yi masa gardama a ƙofar ɗakinsa, ka ce Allah ya ba da lafiya, ka koma gida ka yi taka addu'ar.

Ka karanta nassi da murya a kwance, Zabura 91 ko Markus 5. Ka yi godiya, ka roƙi jinƙai. Sa'an nan ka ba da umarni, gajere. A majami'ar Kafarnahum Yesu cewa ya yi ruhun ya yi shiru ya fita (Markus 1:25). A Filibi, Bulus ya juya ya umarci ruhun dubar nan cikin sunan Yesu Almasihu ya rabu da yarinyar, ya kuwa fita nan take (Ayyukan Manzanni 16:18). Jimla ɗaya kowannensu. Ban san inda muka samo kwana ana buga ganga ana juya mutum har jiri ya kayar da shi ba.

Kada ka zauna hira da aljani. Sau ɗaya aka rubuta Yesu ya tambayi suna, galibi hana su magana yake yi (Markus 1:34). Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne a ce wa marar lafiya, "Wa ya aiko ka?" sai bakinsa ya ambaci kaka ko kishiya. Yohanna 8:44 ya kira Iblis uban ƙarya, to ta yaya za a karɓi shaidarsa a kan tsohuwar gida? A 2020 an yi wa wata tsohuwa 'yar shekara 90 duka har ta mutu a Kafaba da ke arewacin Ghana, don an ce mayya ce. Duk sunan da ya fito a ɗakin, ka hana a fita da shi.

Babu duka, babu sarƙa, babu hana abinci. Mai aljanun nan na ƙasar Garasinawa (Markus 5), mutanen garinsa ne suka yi ta ɗaure shi da sarƙa da mari, ba su iya ba. Yesu bai ɗaure shi ba, ƙarshe aka same shi zaune, saye da tufa, cikin hankalinsa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Ghana ta 2012 ma ta hana azabtar da marar lafiya. Kuma kada ka karɓi ko sidi ɗaya, ko da sun ce na mota ne. Kyauta muka samu, kyauta za mu bayar (Matiyu 10:8). Masu sayar da man shafewa da ruwan addu'a a rediyo su je su karanta amsar da Bitrus ya ba Siman a Ayyukan Manzanni 8:20.

Wani lokaci za ka yi addu'a ba ka ga canji ba. Almajirai ma sun kasa, Yesu ya ce irin wannan sai da addu'a (Markus 9:29). Su ya faɗa wa, ba yaron ba. In azumi ne, kai za ka yi. Kada ka ce wa uwar da ta kwana tana kuka bangaskiyarta ce ta gaza.

In ya natsu, a dama masa koko, a bar shi ya yi barci. Laya ko guru in yana da su, kada ka fizge. Mutanen Afisa da hannunsu suka kawo littattafan sihirinsu suka ƙone, na kuɗin azurfa 50,000. Matiyu 12:43-45 ya yi kashedi a kan gidan da aka share aka bar shi ba kowa, don haka ka sa wani ɗan'uwa ya riƙa biyo masa zuwa sujada, matan zumunta su riƙa leƙa gidan a tsakiyar mako. In likita ya rubuta magani, ka tambaya ko ana sha, in kuɗin saye ne babu, ka kai maganar gaban dattawa ranar Lahadi.