Yadda Ake Koya wa Mage Yin Kashi da Fitsari a Wuri Ɗaya

Yawancin magen da ake sakawa a buhu a kai bayan gari a yar, ba don ta kasa kama ɓera ba ne. Laifinta shi ne ta yi kashi a bayan kujera, ko ta jiƙa katifar yara, ko kuma wanda ya fi ɓata wa maigida rai, ta tsuguna a kan dardumar salla. Ba abin da za a kawar da kai ba ne, domin a mazhabar Malikiyya fitsarin mage da kashinta najasa ne, ko da yake jikinta da ragowar ruwan da ta sha masu tsarki ne. Sai dai kafin ka ɗauko buhu, tambayi kanka: ina aka tanadar mata ta yi?

A gidajenmu na da, wannan tambaya ba ta ma tasowa. Tsakar gida ƙasa ce, ga toka jibge a gefen murhu, ga turken awaki. Mage ta zaɓi lungunta, ta tona, ta yi, ta binne, babu wanda ya sani. Yanzu tsakar gida siminti ne ko tayil, da dare kuma a kulle ƙofofi saboda ɓarayi da sauro. Ita kuwa mage asalinta dabbar busasshiyar ƙasa ce, jikar magen dajin Afirka da Gabas ta Tsakiya, kuma tono da binnewa a jininta suke. In ta rasa ƙasa sai ta nemi abin da ya fi kusa da ita a laushi: tulin wanki, kafet, katifa, tukunyar fulawa. Saboda haka aikin da ke gabanka bai kai yadda kake tsammani ba. Kai dai ka samar mata wurin da zai fi mata katifarka daɗi.

Mataki na 1: Samo mazubi

Baho na roba mai faɗi ya wadatar, ko tsohuwar jarka mai lita 25 da aka kwantar aka yanke gefe guda, aka goge kaifin bakin. Tsawonsa ya kai tsawon jikin magen da rabi, don ta iya juyawa a ciki ba tare da ta taka abin da ta yi ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ba babbar mage 'yar tasa, sai ta shiga da ƙafafun gaba, gindin yana waje. In 'yar jaririya ce, bakin mazubin kada ya wuce tsayin yatsu uku ko huɗu, don ta iya haurawa. Kada a yi masa murfi. In maguna biyu ne a gidan, mazubi uku ake so, wato kowace da nata a ƙara guda, kuma kada a jera su wuri ɗaya, domin mai ƙarfi takan tare hanya ta hana 'yar'uwarta.

Mataki na 2: Yashi

A manyan kantunan Kano da Kaduna da Abuja ana sayar da yashin mage na kamfani, wanda yake dunƙulewa in fitsari ya taɓa shi. Yana da sauƙin kwashewa, amma ba dole ba ne. Yashin gini mai laushi yana aiki sarai. Ka tankaɗe shi ka fitar da tsakuwa da fasassun kwalabe, ka shanya shi a rana ya bushe ƙayau, ka ajiye buhu guda a inda ruwa ba ya taɓawa. Da damina wannan ajiyar ita za ta cece ka, don mage ba ta son jiƙaƙƙen yashi. Ka zuba ya kai zurfin santimita 5 zuwa 7. In ya yi kaɗan ba za ta sami abin binnewa ba, za ka ji tana ta karce ƙasan roba.

Kada ka zuba turare ko hoda mai ƙamshi don kashe wari. Hancinta ya fi naka nesa ba kusa ba, abin da kake ji ƙamshi ita hawa mata kai yake yi. Kuma in ta saba da irin yashi guda, kada a canza mata rana ɗaya; a riƙa gauraya sabon da tsohon kaɗan-kaɗan har mako guda.

Mataki na 3: Inda za a ajiye

Nan ne mutane da yawa suke faɗuwa. Sai a sayi baho mai kyau, a zuba yashi mai kyau, a kai shi kusa da janareta, ko bakin ƙofar da yara ke shige da fice, ko gefen kejin kare. Mage a tsugune ba ta da kariya, ta kuma san haka. In aka firgita ta sau ɗaya a wurin, tana iya ƙaurace masa gaba ɗaya.

Nemi lungu mai shiru da inuwa, inda ruwan sama ba ya bugawa, inda kuma za ta ga mai zuwa tun daga nesa: ƙarshen baranda, ƙarƙashin bene, gefen sito. Ya yi nisa da kwanon abincinta da na ruwanta, kuma ba a kicin ba. Abu mafi muhimmanci, ta iya isa wurin dare da rana. In a falo take kwana kuma ana kulle ƙofa, to lallai akwai mazubi a cikin falon, in ba haka ba kai ka jawo.

Mataki na 4: Nuna mata

'Yan kyanwa suna fara neman yashi da kansu tun suna da mako 3 zuwa 4. Shi ya sa bai kamata a raba su da uwar ba sai sun kai aƙalla mako 8. Wadda aka tsinta ba ta kai mako 3 ba, ba ta iya yin fitsari da kanta. Bayan kowane shayarwa sai an shafa mata ƙarƙashin wutsiya da tsumma mai ɗumi, a madadin lasar uwa.

Sabuwar mage, babba ce ko ƙarama, kada a sake ta ta yi ta yawo cikin gida ranar farko. A ajiye ta a ƙaramin ɗaki guda na kamar mako ɗaya: abinci da ruwa a wannan kusurwa, mazubi a waccan, a kwashe tabarma da tsummokara daga ƙasa. A ba ta abinci a kan lokaci, domin cikin da ya san lokacin ci ya san lokacin fita. Bayan ta ci, da kuma duk sanda ta tashi daga barci, ka ɗauke ta a hankali ka sa ta cikin yashin, ka ɗan tona da yatsanka ta gani, ka ja da baya. Kada ka riƙe ta da ƙarfi.

Ka kuma koyi gane alamarta. Za ta bar wasa farat ɗaya, ta sa hanci ƙasa tana shinshine-shinshine, ta nufi lungu, ta zagaya sau ɗaya ko biyu, ta fara karce siminti da ƙafar gaba. Wannan ne lokacin ɗaukarta. In ta yi a cikin yashin, ka bari ta gama binnewa ta fito, sannan ka shafa ta ko ka ba ta ɗan guntun kifi. In ta riga ta yi a waje, ɗebi kashin ka sa a cikin mazubin, warin zai kira ta. Yawanci cikin 'yan kwanaki an wuce wurin.

Duka kuwa, da dangwala mata hanci a cikin fitsarin, a bar su. Mage ba ta haɗa dukan da aka yi mata yanzu da abin da ta yi sa'a guda da ta wuce. Abin da za ta koya kawai shi ne kai abin tsoro ne, sai ta koma yi a inda ba ka gani, ƙarƙashin gado ko cikin durowar kaya. A gargaɗi yara su ma, don su ne gwanayen jifa da takalmi.

Mataki na 5: Kwashewa kullum

Kowa ya san yadda ake juyowa daga bakin masai in an tarar da shi kaca-kaca; ita ma haka take. A kwashe kashi da jiƙaƙƙen yashi sau ɗaya ko biyu a rana da tsohon ludayi da aka ware don wannan aiki kaɗai. In yashin gini ne, a zubar da shi duka bayan kwana biyu ko uku, domin ba ya kashe wari. A wanke bahon da ruwa da sabulu, a shanya.

Kada a wanke shi da Dettol ko Izal. Sinadaran da ke cikinsu guba ne ga mage, hantarta ba ta iya sarrafa su, kuma duk abin da ta taka sai ta lashe.

Mace mai ciki ta bar wa wani wannan aiki. Kashin mage yana iya ɗaukar wata ƙwayar cuta da likitoci ke kira toksoplasma, wadda kan cutar da ɗan tayi. Ƙwayar ba ta zama mai kama mutum sai kashin ya kwana ɗaya zuwa biyar, wanda ya sa kwashewar kullum kariya ce ga mutanen gida ma. In babu mai yi sai ita, ta sa safar hannu ko leda, ta wanke hannu da sabulu. Tsohon yashin kuma kada a zuba shi inda yara ke wasan ƙasa ko cikin lambun alayyahu.

Mataki na 6: Kashe warin inda ta ɓata

Muddin tana jin warin fitsarinta a wuri, a wurinta nan masai ne. Ka fara tsane fitsarin da tsumma, dannawa ake yi ba gogewa ba. Ka wanke da ruwan sanyi da omo, ka ɗauraye, ka bi da ruwan khal (wato binega) da aka sirka da ruwa daidai wa daida, sannan a kai rana. Kada a zuba bilic kai tsaye a kan fitsari, haɗuwarsu tana tayar da iska mai shaƙe numfashi. Katifar soso da fitsari ya ratsa tana bukatar wanki fiye da sau ɗaya da yini biyu a rana.

Daga nan ka hana ta wurin na 'yan makonni: a rufe ɗakin, a naɗe darduma a ɗora sama bayan kowace salla, a daina barin wanki a ƙasa. In lungu ne da ba ya rufuwa, ajiye kwanon abincinta a nan, domin ba ta ɓata inda take ci. In kuma ta nace wa wuri guda, kai mazubin can, in ta saba sai ka riƙa matsar da shi taku ɗaya kullum har ya isa inda kake so.

Mataki na 7: In ta saba, sannan ta daina

A nan sai ka lura da yadda take yi. In a tsugune ne a ƙasa, fitsari mai yawa, to duba mazubin: ƙazanta, sabon yashi, ko wani abu da ya tsorata ta. In kuwa a tsaye ne, ta juya wa bango ko labule baya, wutsiya a miƙe tana karkarwa, ta fesa ɗan kaɗan mai wari sosai, wannan shata iyaka ne. Muzuru ya fi yi, daga wajen wata 6 da haihuwa, musamman in wani muzurun yana hauro katanga. Tashi zuwa sabon gida, sabuwar mage, ko cikar gida da baƙin biki duk suna iya tayar da shi. Dandaƙa tana kawar da wannan hali ga mafi yawan muzurai, tana kuma rage yawon dare da faɗa. Amma aikin likitan dabbobi ne da allurar barci, kada a kai shi wurin mai dandaƙar bunsuru. Tunda an je, a yi masa allurar rigakafin ciwon haukan kare, wadda ake fara yi daga wata 3.

Kashi mai ruwa a ko'ina kuwa zawo ne, ba rashin tarbiyya ba. Sau da yawa madara ce sanadi, domin yawancin maguna in sun girma cikinsu ba ya narkar da ita. Wani lokaci kuma tsutsar ciki ce. Tsohuwar mage da gaɓoɓinta ke ciwo tana bukatar mazubi mai gajeren baki.

Akwai alamar da ba a kwana da ita. In ka ga muzuru yana shiga yashi yana fita, yana yunƙuri yana kuka, ɗigo kaɗan ke fita ko babu, ko da jini, yana yawan lasar gabansa, to mai yiwuwa hanyar fitsarinsa ce ta toshe. Wannan yana kisa cikin kwana ɗaya zuwa uku. A kai shi asibitin dabbobi a ranar. Bayan asibitocin dabbobi na jihohi, akwai na koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri. Kafin a isa, kada tausayi ya sa wani ya ɓallo masa Panadol: ƙwaya ɗaya ta farasitamol tana iya kashe mage. A ɗauke shi cikin kwali mai huji ko kwando mai murfi, a shimfiɗa tsumma a ƙasa, kuma kada a matsa masa ciki.