Tikitin kakar wasa: kurakuran da ke hana kwalliya biyan kuɗin sabulu

Tun kafin a buga wasan ƙarshe na kaka, ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa kan fara aika wa magoya bayansu saƙo cewa lokacin sabunta tikiti ya yi, kuma wanda ya biya da wuri zai samu rangwame. Tikitin kakar wasa shi ne wanda mutum ke biya a dunƙule, a ware masa kujera tasa ta kansa a filin ƙungiyar, ya riƙa shiga duk wasannin lig na gida har kaka ta ƙare. Kuɗin ba kaɗan ba ne, shi ya sa duk shekara ake ta muhawara a kan ko ya cancanci a saya. A ganina ya cancanta ƙwarai, amma ga mutumin da zai zauna a kujerar nan mako bayan mako. Yawancin masu yin da-na-sani ba ƙungiya ce ta cuce su ba. Lissafi suka yi wa wani mutum daban, mai lokaci da yawa, wanda ba su ba.

Kuskure mafi girma yana cikin raba kuɗin. A Gasar Firimiya ta Ingila ƙungiyoyi 20 ne, kowace tana buga wasa 38, 19 daga ciki a gidanta. Haka yake a La Liga da Serie A. A Bundesliga ta Jamus ƙungiyoyi 18 ne, wasan gida 17. Mai saye yakan ɗauki kuɗin tikitin ya raba gida 19, ya ga kowane wasa ya faɗo masa da sauƙi, sai ya miƙa kuɗi yana murna. Mu ɗauka tikitin fam 570 ne. Idan an raba 19, kowane wasa fam 30 ke nan. In kuma tikitin wasa ɗaiɗai fam 40 ne, ai kowa zai ce an ci riba. To amma wannan ribar ta wanda bai fasa ko wasa ɗaya ba ce. Wanda ya je wasa 12 kacal, kowane wasa ya tsaya masa fam 47 da rabi, ya fi mai sayen ɗaiɗai biya. A wannan misalin, sai mutum ya halarci wasa 15 kafin tikitin ya fara yi masa amfani ta fuskar kuɗi.

Gyaran ba shi da wuya, sai dai yana bukatar mutum ya faɗa wa kansa gaskiya. Kada ka tambayi kanka wasa nawa kake son zuwa, domin amsar kullum ita ce duka. Duba kakar da ta wuce ka ƙirga waɗanda ƙafarka ta taka filin. Sannan ka cire ranakun da ka riga ka san ba za ka samu dama ba a kaka mai zuwa: aikin ƙarshen mako, tafiya, hidimar iyali, jarrabawa. Ka ƙara cire biyu ko uku saboda rashin lafiya da abin da ba a zata ba. Abin da ya rage shi za ka raba kuɗin da shi. Idan har yanzu ya fi sayen ɗaiɗai sauƙi, saya da zuciya ɗaya.

Akwai wani abu da ke ɓata wannan lissafin ko ga mai gaskiya, wato ɗaukar jadawalin farko a matsayin magana ta ƙarshe. A Ingila ana fitar da jadawalin kaka a watan Yuni, mutum ya gan shi cike da ranakun Asabar ya ce ai yana da hutu ranar. Alhali a Birtaniya ba a nuna wasa kai tsaye a talabijin tsakanin ƙarfe 2:45 da 5:15 na yammacin Asabar, saboda haka duk wasan da gidajen talabijin suka zaɓa dole a ɗauke shi daga ƙarfe 3 a kai shi wani lokaci: tsakar ranar Asabar, ko yammacinta, ko Lahadi, ko daren Litinin ko na Juma'a. Fiye da rabin wasanni 380 na Firimiya ana nuna su kai tsaye a ƙasar, kuma akan sanar da sauyin ne makonni kaɗan kafin wasan. Ƙungiyar da ke buga Gasar Europa ranar Alhamis kuwa, wasanta na lig Lahadi yake komawa. Ga mai zama kusa da fili wannan ƙaramin abu ne. Ga wanda sai ya yi tafiyar awa uku a jirgin ƙasa, wasan daren Litinin na nufin ko ya nemi izini a wurin aiki, ko ya kwana a otal, ko ya haƙura. Gwargwadon farin jinin ƙungiyarka, gwargwadon yadda za a riƙa juya mata lokaci. Saboda haka ka duba sau nawa ta buga wasan gida da ƙarfe 3 na Asabar a bara, shi zai nuna maka abin da ke jiranka.

Kuɗin zuwa ma ana mantawa da shi. Mota ko jirgi, wurin ajiye mota, abin da za a ci a sha, duk sai a ninka su da yawan wasannin. Ga mai nisa, wannan kan zarce kuɗin tikitin kansa.

Sai rashin karanta sharuɗɗa. Mutane da yawa suna zaton kalmar "kaka" ta ƙunshi kowane wasa da za a buga a filin. A mafi yawan ƙungiyoyin Ingila wasannin lig kaɗai take nufi. Kofin FA, da Kofin Lig, da Gasar Zakarun Turai, kowanne sai an biya daban. Wasu ƙungiyoyin suna da tsarin da idan ka sa hannu a kansa, duk lokacin da aka haɗa ƙungiyar da wasan kofi a gida za a cire kuɗin daga asusunka kai tsaye, ka je ko ba ka je ba. Tsarin yana da kyau ga mai son tabbacin kujerarsa a babban dare, amma wanda ya amince da shi bai lura ba zai riƙa ganin kuɗi na fita saboda wasan daren Talata da ƙungiyar da bai damu da ita ba. Tun kakar 2024/25 da aka sauya fasalin Gasar Zakarun Turai, kowace ƙungiya tana buga wasa 8 a zagayen farko, 4 a gida, saboda haka wannan ƙarin ya fi da nauyi. A Sifaniya kuma, a ƙungiya irin Barcelona, zama mamba daban, mallakar kujerar kaka daban, kuma kowanne da kuɗinsa. Wannan ne ya sa kwatanta farashin ƙungiyoyi biyu ba tare da duba wasa nawa kowanne ya ƙunsa ba yake ɓatar da mutum. Kafin ka biya, ka nemi amsar abu uku a rubuce: waɗanne wasanni ke ciki, me za a cire maka ba tare da an sake tambayarka ba, kuma me za a yi maka idan aka hana 'yan kallo shiga. Na ukun ba tsoro ne na banza ba. A watan Maris na 2020 annobar korona ta tsayar da Firimiya, aka dawo a watan Yuni filaye babu kowa, kuma kowace ƙungiya da yadda ta yi da masu tikitinta, wasu aka mayar musu da kuɗi, wasu aka ajiye musu a kan kaka ta gaba.

Wani kuskuren na zuciya ne: saye saboda daɗin nasarar bara, ko saboda an ɗauko sabon ɗan wasa mai suna. Tikitin ba ya ɗauke da alkawarin cin wasa. Leicester City ta lashe Firimiya a 2016, ta ci Kofin FA a 2021, a 2023 kuma ta faɗa rukuni na biyu. Sunderland ta faɗi daga Firimiya a 2017, ta sake faɗuwa zuwa rukuni na uku a 2018. Tun da ana buɗe sabuntawa kafin kaka ta ƙare, akwai waɗanda ke biya ba su ma san a wane rukuni ƙungiyarsu za ta kwana ba. Abin da ya kamata ka tambayi kanka shi ne: idan ana ruwa da sanyi a watan Janairu, ƙungiyar tana ƙasan teburi, ta yi wasa biyar ba nasara, zan tashi in je? Wanda amsarsa i ce, faɗuwa ma ba ta rage masa komai ta wajen yawan kallo, domin a Championship, wato rukuni na biyu a Ingila, ƙungiyoyi 24 ne, wasan gida 23. Wanda amsarsa a'a ce, manyan wasanni yake so, kuma babu laifi a cikin haka. Katin mamba, wanda ke ba da damar sayen tikitin wasa ɗaiɗai kafin sauran jama'a, shi ya fi dacewa da shi. Wasu ƙungiyoyin ma suna sayar da tikitin rabin kaka wajen watan Disamba, mutum ya gwada kansa da shi tukuna.

Akwai kuma masu cewa, "Ranar da ba zan je ba sai in sayar wa wani, in ma ci riba a wasan hamayya." A kula da wannan sosai. A Ingila da Wales, dokar 1994 ta haramta sayar da tikitin wasan ƙwallo ba tare da izinin masu shirya wasan ba, kuma ƙungiyoyi suna ƙwace tikitin kaka daga wanda suka kama. Yanzu da tikiti ya koma cikin waya, gano wanda ya shiga da shi ya yi sauƙi. Hanyar da ta dace ita ce kasuwar musayar tikiti ta ƙungiyar kanta, ko tura shi ga ɗan'uwa ko aboki ta manhajarta. Sai dai a nan ma kada ka sa rai da yawa. Sau da yawa ba a buɗe musayar sai tikitin wasan ya ƙare, kuma abin da za a ba ka kason wasan ne daga kuɗin da ka biya, wani lokacin ma ba a hannu ba, sai dai a rage maka a sabuntawa. Barin kujerar fanko shi ma yana da hatsari, domin wasu manyan ƙungiyoyin Ingila sun sa ƙa'idar yawan wasannin da dole a yi amfani da tikitin, wanda ya gaza sai ya rasa damar sabuntawa.

Duk wannan ba ya nufin a yi saurin sakin tikiti. Wannan ma kuskure ne, kuma gyaransa ya fi na sauran wuya. A ƙungiyar da filinta ke cika, tikitin ba rangwame kaɗai ba ne, shi ne ƙofar shiga. Borussia Dortmund tana da fili mai ɗaukar mutum sama da 81,000, amma ta tsayar da tikitin kaka a kan 55,000, kuma ƙalilan ne ke sakin nasu. A Liverpool jerin masu jira ya yi tsawon da ƙungiyar ta daina karɓar sabbin sunaye. Wanda ya saki kujerarsa a irin waɗannan wurare saboda fushin kaka ɗaya, zai iya shekara da shekaru bai sake samu ba. Tare da kujerar yake sakin fifikon da ake ba masu tikitin kaka wajen sayen tikitin wasannin waje da na wasan ƙarshe na kofi. Yana kuma sakin mutanen da ke zama gefensa, waɗanda ya san 'ya'yansu, suke tambayarsa lafiya idan ba su gan shi ba mako biyu. Ni wannan nake ɗauka a matsayin rabin darajar tikitin, kuma ba na ganin wauta ga wanda ya biya saboda shi ko da lissafin kuɗi bai goyi bayansa ba, muddin bai tauye haƙƙin iyalinsa ba ko ya ci bashin da zai shaƙe shi. Idan shekara ce ta zo da matsi, kafin ka saki ka tambayi ofishin tikiti ko akwai biya wata-wata, kuma ko da ruwa a kansa, ko za a iya sauya maka kujera zuwa ɓangare mai sauƙi, ko sharuɗɗa sun yarda ka raba wasannin da wani na kusa da kai.

Idan kuwa ƙarin farashi ne ya yi yawa, ba zaɓi biyu kaɗai gare ka ba, wato ka biya shiru ko ka tafi. A watan Fabrairu na 2016, da Liverpool ta sanar da tikiti mai kai wa fam 77, dubban magoya bayanta suka fice daga filinta na Anfield a minti na 77 na wasansu da Sunderland. Cikin 'yan kwanaki masu ƙungiyar suka ba da haƙuri suka janye ƙarin. A wata mai bi, ƙungiyoyin Firimiya suka amince kada tikitin baƙi masu zuwa wasan waje ya wuce fam 30, aka fara aiki da shi daga kakar 2016/17. Kusan kowace ƙungiya tana da haɗakar magoya baya da ke zama da shugabanni a kan farashi, da rangwamen yara da tsofaffi, da sauya wa mutane kujeru. Mai tikitin kaka ya nemi ta ƙungiyarsa ya shiga tun kafin a sanar da farashin baɗi, domin a lokacin ne ake sauraron magana.